Ba kowane ɗaukewar al'ada ba ne kwantaccen ciki

Wata baiwar Allah ta zo mana asibiti tare da uwar mijinta. Shekara 2 rabonta da al'ada, ga nono yana ɗiga har ya jiƙa mata riga, alhali ko ɓari ba ta taɓa yi ba. A gida an gama yanke cewa ciki ne ya kwanta, ta sha saiwoyi har ta gaji. Awon fitsari bai nuna ciki ba. Awon jini ne ya nuna furolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, ya yi mata yawa ƙwarai.

A ƙasan ƙwaƙwalwa, can bayan hanci, akwai ɗan ƙullin nama da bai fi ƙwayar wake ba, likitoci na ce masa fituwitari. Shi ke sarrafa al'ada da haihuwa da girman jiki. Shi ne kuma ke samar da furolaktin. Wani lokaci ƙari kan tsiro a jikinsa, ya sa furolaktin ya yi yawa. Na san jin an ce ƙari a kai yana faɗar da gaba, amma kusan dukkan irin wannan ba sankara ba ne, ba ya yaɗuwa.

Maza sun fi ba ni tausayi. Nasu yakan zo da ɗaukewar sha'awa da raunin gaba, kunya ta sa su yi ta shan maganin basir, sai ƙarin ya girma ya danne jijiyoyin ido da suka gitta ta samansa. Ganin gefe ne ke fara tafiya: mutum ya riƙa karo da bakin ƙofa, ko babur ya taho ta gefensa bai gani ba. A wani nau'in ƙarin kuma, mai ƙara girman jiki, zobe ne zai ƙi shiga yatsan mutum, takalmi ya matse shi bayan ya gama girma.

Bayan awon jini, ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na MRI, a kuma auna faɗin gani, a manyan asibitocin koyarwa. Ku faɗa wa likita duk maganin da kuke sha, domin wasu magungunan amai da na taɓin hankali ma suna ɗaga furolaktin.

Mai yawan furolaktin galibi ƙwaya ke isarsa: cabergoline sau 1 ko 2 a mako, ko bromocriptine kullum. Ƙarin ya motse, al'ada ta dawo, da yawa su sami rabo. Kada a daina sha ba da sanin likita ba, in ciki ya shiga a sanar da shi nan take. Sauran nau'o'in akan cire su da tiyata ta hanci, ba a buɗe ƙoƙon kai.

In matsanancin ciwon kai ya sauko farat ɗaya, da amai da dushewar gani, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.