Wane nau'in ginshiƙi ya dace da bayanan manhajata?

Ina ruwan saurin manhaja da nau'in ginshiƙi (column, wato gurbin da ake zuba bayani iri ɗaya) a rumbun bayanai?

Ruwa kuwa har da tsaki. Akwai batun girma: a rumbun bayanai na PostgreSQL, cikin nau'o'in adadi, smallint bayit 2 yake ci, integer 4, bigint 8, kuma idan layuka suka kai miliyoyi, ƙaramin nau'i yakan sa fihirisa (index, jerin da ke saurin gano layi) ta zauna daram a ƙwaƙwalwar na'ura. Sai dai abin da ya fi wahalar da mutane shi ne rashin jituwa tsakanin abin da manhaja ta aiko da abin da ginshiƙi ya ajiye.

Kamar yaya?

Ɗauki lambar waya. Rubutu ce, ba adadi ba: ka zuba ta a integer, sifilin farko na 080 ya ɓace, ga shi ma ta fi ƙarfin ginshiƙin. To ka ajiye ta a varchar, wato nau'in rubutu, amma manhajarka ta nemo ta a matsayin adadi. Rumbun MySQL ba zai ce uffan ba. Zai bi layuka ɗaya bayan ɗaya yana mayar da su adadi, fihirisar da ka gina kuwa tana nan zaune ba aikin fari. Masu rubuta manhaja da Java a kan rumbun SQL Server ma sukan faɗa wannan rami, domin JDBC na Microsoft, wanda ke haɗa su biyun, yana aika rubutu a matsayin nvarchar, wani nau'in rubutu daban, sai an hana shi, ko da ginshiƙin varchar ne. A MySQL, ka duba da umarnin EXPLAIN, mai nuna ko an yi amfani da fihirisa, kafin ka zargi sabar.

Kuɗi fa?

Ban da float, nau'in adadi mai ɗigo da ke ajiye kimantawa kawai. A can 0.1 a tara da 0.2 sukan ba da 0.30000000000000004. Ko dai numeric, mai ajiye adadi daidai, ko ka ƙirga da kwabo a bigint, wanda ya fi saurin lissafi. Kada ka yarda da integer a nan: iyakarsa 2,147,483,647, wato naira miliyan 21 da 'yan kai kawai idan kwabo kake ƙirgawa.

Taƙaita varchar yana ƙara sauri?

A PostgreSQL, a'a. Shi da nau'in text duk ɗaya ne wajen sauri.

UUID da kwanan wata?

UUID, wato doguwar lambar shaida ta layi, a nau'insa bayit 16 ne, a rubuce kuwa haruffa 36, don haka nau'insa ya fi sauƙi. Kwanan wata kuma kada ya zama rubutu. A MySQL, nau'in lokaci na TIMESTAMP yana ƙarewa ne a 19 ga Janairu 2038, don haka ranar ƙarewar bashi mai dogon zango DATETIME take buƙata.