Ƙarin kuɗin haya a Amurka: abin da dokokin jihohi suka yarje wa mai gida

Akwai doka guda da ta kayyade ƙarin kuɗin haya a duk faɗin Amurka?

Babu. Gwamnatin tarayya ta bar wannan a hannun jihohi, wasu jihohin kuma suka bar wa birane. Sama da jihohi 30, ciki har da Texas da Florida da Georgia, sun hana biranensu kafa dokar kayyade haya. A mafi yawansu mai gida yana iya ƙara ko nawa yake so, muddin wa'adin yarjejeniya ya ƙare kuma ya sanar yadda doka ta ce. Massachusetts ma ta soke kayyade haya a 1994 ta hanyar ƙuri'ar jama'a.

Waɗanne jihohi ne suka sa iyaka, kuma nawa ce?

Oregon ce ta fara a 2019, da kashi 7 cikin 100 haɗe da mizanin hauhawar farashi na shekara. A 2023 aka gyara dokar, aka ce duk yadda farashi ya hau ƙarin ba zai wuce kashi 10 ba. Kalifoniya ta biyo baya da dokar AB 1482, wadda ta fara aiki a Janairun 2020: kashi 5 haɗe da hauhawar farashi, kada ya haura kashi 10 cikin wata 12. Jihar Washington ta shiga sahu a 2025 da lissafi irin na Oregon.

A ce hayarka dala 1,500 ce a wata, hauhawar farashi kuma kashi 3. A Kalifoniya ƙarin ba zai wuce kashi 8 ba, wato dala 120. A Oregon zai iya kaiwa kashi 10, dala 150.

New York tata daban ce. A birnin New York akwai gidaje kusan miliyan 1 da ke ƙarƙashin tsarin daidaita haya, galibinsu a gine-gine masu gida 6 ko fiye da aka gina kafin 1974, kuma hukumar birni ce ke yanke adadin ƙari kowace shekara. 'Yan uwa da ke zaune a yankin Bronx na birnin ya kamata su fara binciken ko gidansu na cikin wannan rukuni, domin da yawa suna ciki ba su sani ba.

Ina zaune a Kalifoniya, amma an ƙara mini kashi 15. Mai gida ya karya doka ke nan?

Ba lallai ba, nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Ginin da bai kai shekara 15 ba baya cikin dokar, a Kalifoniya da Oregon duka. A Washington shekara 12 ne. Haka gida guda mai zaman kansa wanda mutum ne ya mallake shi, ba kamfani ba, an cire shi daga dokar Kalifoniya, da sharaɗin an rubuta wa ɗan haya hakan. Idan ba a rubuta ba, iyakar tana nan daram.

Kuma a Kalifoniya iyakar tana kare wanda ke cikin gida ne. Da zarar ya kwashe kayansa, mai gida na iya yanka wa sabon shiga farashin da ya ga dama.

Kwana nawa ne za a ba ni notis?

A Kalifoniya kwana 30 idan ƙarin bai wuce kashi 10 ba, kwana 90 idan ya wuce. A Oregon da Washington kwana 90 ne, kuma ba a ƙari a shekarar farko. A New York, idan ƙarin ya kai kashi 5, notis ɗin yana bin daɗewarka a gidan: kwana 30 ga wanda bai shekara ba, 60 ga mai shekara 1 zuwa 2, 90 ga wanda ya haura haka. Duka a rubuce. Maganar baki a bakin ƙofa ba notis ba ce.

Za a iya ƙara mini a tsakiyar yarjejeniyar shekara?

A'a, sai idan akwai sharaɗin haka a takardar da ka sa wa hannu. Mai zaman wata-wata shi ne ya fi fuskantar ƙari akai-akai.

Idan na ga kamar ramuwar gayya ce ko wariya fa?

Yawancin jihohi sun haramta ƙarin haya don ɗan haya ya kai ƙorafin ɗigon ruwa ko rashin ɗumama gida. A Kalifoniya kariyar tana aiki kwana 180 bayan ƙorafin. Dokar tarayya ta 1968 kuma ta hana bambanta mutane saboda launin fata, addini ko ƙasar asali; ana kai ƙara ma'aikatar gidaje ta HUD cikin shekara guda.

Ƙarin ya saɓa doka. In daina biyan haya?

Kul! Rashin biya shi ne hujjar kora mafi sauƙi a kotu. Ci gaba da biyan tsohon adadin a kan lokaci, ta banki ko ceki don shaida ta zauna. Rubuta wa mai gida wasiƙa ka ambaci dokar da ranar da notis ya iso ka, ka ajiye kwafi har da ambulan mai hatimin gidan waya. Sannan ka kai takardun ofishin lauyoyin kyauta ko hukumar haya ta birninku kafin ranar da sabon farashin zai fara aiki.