Hannuna na rawa idan na zo jan layi: tambayoyin mai koyon zane

Masu fara koyon zane a nan Damagaram, ɗan lakwal ne ko yaron tela ko yarinyar da ke son ƙwarewa a lalle, kusan kukansu ɗaya: layi ba ya fita yadda ido ya so. Ga abin da suka fi tambaya.

Malam, da na ɗora alƙalami a takarda sai hannuna ya kama rawa. Ciwo ne?

Galibi ba ciwo ba ne, ƙanena. Kowane lafiyayyen hannu yana da ƴar rawar da ido ba ya gani, wajen sau 8 zuwa 12 a sakan ɗaya, kuma gajiya da yunwa da fargaba da shayi mai ƙarfi suna ƙara ta. Amma abin da ya fi ɓata maka layi shi ne ja a hankali. Kana tafiya sannu-sannu, ido ya ga ka ɗan kauce, hannu ya gyara har ya zarce, ya sake dawowa. Kowace gyara sai ta bar karkata a jikin layin. In ka ja da ɗan hanzari, babu lokacin wannan kai-da-komo.

In kuwa hannun yana rawa ko kana zaune ba ka komai, ko kofi yana suɓuce maka, wannan na likita ne.

To in na yi sauri ai sai in wuce inda nake so in tsaya.

Za ka wuce, kuma ka bar shi ya wuce. Miƙaƙƙen layin da ya ɗan zarce ya fi mini karkataccen da ya tsaya daidai, domin saiti yana zuwa da maimaici, amma hannun da ya saba da tsoro yana da wuyar warwarewa.

Ga aikin da na fi yarda da shi. Ɗiga ɗigo biyu, tsakaninsu kamar tsawon tafin hannunka. Juya takardar har layin ya bi hanyar da hannunka ya fi sakewa. Ga mai hannun dama, yawanci daga ƙasan hagu ne zuwa saman dama. Kada ka taɓa takardar tukuna. Yi ta kai hannu daga ɗigo zuwa ɗigo a iska, bakin alƙalami dab da takarda, sau uku ko huɗu, har motsin ya zauna. Sannan ka sauke ka ja sau ɗaya. Idonka ya kasance a kan ɗigon da za ka, kada ya bi bakin alƙalami. Duk shawara a iska ake yanke ta; da baki ya taɓa takarda, ba sauran tunani.

In ka cika shafi da wannan, sai ka ja layi ɗaya da abin awo, ka bi ta kansa da hannu sau takwas. Farkon ya haɗu wuri guda. Ƙarshen zai watse, ba komai.

An ce da kafaɗa ake zane. Ta yaya?

Kafa gindin hannunka a tebur ka motsa wuyan hannu kaɗai: layi mai lanƙwasa kamar bakan harbi za ka samu, gajere kuma. Haka gaɓar take. Rubutu ya saba mana da yatsu da wuyan hannu domin haruffa ƙanana ne, shi ya sa dogon layi yake lanƙwashewa.

Shiga Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ka tsaya gaban ɗaya daga cikin gidajen nan masu ado a fuska, ka dubi da'irori da ƙulle-ƙullen da ke kewaye da ƙofar zaure. Maginin da ya fitar da su a ɗanyen yaɓe a tsaye ya yi, hannu a miƙe, damtse duka yana tafiya. Ka gwada haka a yashin tsakar gida da tsinke, ko a bangon siminti da alli: layi mai tsawon hannu, da'ira mai faɗin faifai. Da ka koma takarda, ɗaga gwiwar hannu daga tebur, ɗan ƙaramin yatsa kaɗai ya riƙa shafar takarda.

Wane kaya zan saya?

Bik da tsohon kaye sun isa, ko bayan takardun da aka gama da su. In kana son fensir, a Kasuwar Dole nemi mai alamar HB, wato matsakaici tsakanin tauri da laushi. Bakinsa haɗin garafait ne (baƙin ma'adinin da ke barin alama a takarda) da yumɓu, dabarar da Bafaranshe Nicolas-Jacques Conté ya fito da ita a 1795: yumɓu ya yi yawa, baki ya yi tauri ya yi haske, su ne masu H; ya yi kaɗan, ya yi laushi ya yi baƙi, su ne masu B. Lokacin zafi sa guntun takarda a ƙarƙashin hannu, don gumi yana jiƙa shafi ya riƙe hannu.

Me ya sa bik? Ba a goge shi fa.

Dalilin ke nan. Mai abin gogewa a hannu yana jan layi da niyyar zai gyara, sai ya yi ta tsinka shi guntu-guntu, ya fito da gashi-gashi. Dubi mai zayyanar allon sauka: alƙalamin kara da tawada, ya tsoma, ya daidaita zama, ya ja. Ka ɗauki wannan halin. Layi ya ɓaci, kada ka bi kansa da wani don ka ɓoye shi, ƙara fito da shi za ka yi. Ɗiga sababbin ɗigo a gefe.

Minti nawa a rana?

Minti 10 zuwa 15 kafin ka fara zanen da kake so, kullum, ya fi awa uku ranar Lahadi. Rubuta kwanan wata a kowane shafi ka ajiye, bayan wata guda ka jera na farko da na ƙarshe. Kuma kada atisaye ya cinye maka zanen kansa: da ka gama, zana buta ko ƙofar gidanku da irin layin da ka koya ɗazu.