Tsako Ya Yi Lakwas: Tambayoyi Da Amsoshi Kan Jinyar 'Yan Tsaki

Ta yaya ake gane tsako ba shi da lafiya?

Lafiyayyen tsako ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana cikin tono da caccakar abinci. Wanda ya ware gefe ya takure, ya saki fukafukai, gashinsa ya tashi, yana gyangyaɗi a tsaye, shi ne abin dubawa. A shafa jakar abincin da ke gindin wuyansa da yamma. In babu komai ciki, ya daina ci.

Me za a fara yi masa?

A ware shi cikin kwali mai shimfiɗa busasshiya, a ba shi ɗumi, sannan ruwa. Magani ya biyo baya. Tsako ba ya iya riƙe zafin jikinsa sai gashinsa ya cika, wajen mako 5 zuwa 6. A makon farko yana son digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Selsiyas, sai a riƙa rage kamar digiri 3 duk mako. In babu ma'auni, su da kansu za su nuna: cunkushewa a ƙarƙashin fitilar da ke ɗumama su da yawan kuka sanyi ne, gudu zuwa bango da buɗe baki kuma zafi ne.

A zuba babban cokali ɗaya na sukari a lita ɗaya ta ruwa, a tsoma bakinsa kaɗan a bar shi ya haɗiye da kansa. Kada a ɗura masa. Ƙofar numfashinsa tana bayan harshe, ruwan yana iya faɗawa huhu ya kashe shi nan take. Kwana ɗaya ya isa, sai a koma ruwa zalla. In ya fara farfaɗowa, a jiƙa abincin 'yan tsaki ya yi laushi, ko a marmasa masa dafaffen gwaiduwar ƙwai.

Kashi ya bushe ya toshe masa dubura, yaya za a yi?

Ana yawan ganin haka a kwanaki goman farko, kuma galibi sanyi ko zafi fiye da kima ke jawo shi. A jiƙa wurin da tsumma da ruwan ɗumi har ya saki, a busar da tsakon, a shafa ɗan man shafawa. Kada a fizge, fata za ta biyo. A kuma kula, cibiya tana ƙasa kaɗan da dubura, ba a taɓa ɓawonta.

Zawo fa, duk iri ɗaya ne?

A'a, kuma nan ne masu kiwo suka fi asara, don sukan sayi magani kafin su duba kashin. Kashi mai jini ko majina a tsakon mako 3 zuwa 6 yana nuni da kwaksidiyosis, cutar hanji da ke yaɗuwa a jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. Ana ba da maganin Amprolium a ruwan sha kwana 5 zuwa 7, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin maganin, kuma duk garken ake ba. Kada a haɗa shi da bitamin B a lokaci guda, domin maganin yana aiki ne ta hana ƙwayar cutar samun bitamin B1. A kwashe shimfiɗar a sa sabuwa, in ba haka ba cutar za ta dawo.

Farin zawo mai ruwa-ruwa a waɗannan makonnin na iya zama cutar Gumboro. Koren kashi da haki da murɗewar wuya kuwa alamun cutar Newcastle ne. Waɗannan biyun bairos ne, maganin kashe bakteriya ba ya taɓa su. Rigakafi ne babbar kariyar kaji daga gare su.

To a yi wa marasa lafiyar rigakafin?

A'a, lafiyayyu ake yi wa. In a ruwan sha za a ba da, ya zama ruwan da babu kulorin (sinadarin da ake sa wa ruwan famfo), su kuma shanye cikin awa biyu.

Ƙafafunsa sun baje, ba ya iya tsayawa. Cuta ce?

Sau da yawa santsi ne, kamar na jarida ko leda. A haɗa ƙafafun biyu da filasta, a bar tazarar tsayuwarsa ta asali a tsakani, a ɗora shi kan shimfiɗa mai kaushi. In an yi da wuri, yakan miƙe cikin 'yan kwanaki.

Yaushe ake kiran likitan dabbobi?

In da yawa suka mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, ko manyan kaji suka fara kamuwa, a kira shi ba tare da jinkiri ba, don murar tsuntsaye ma haka take shigowa. Kada a sayar ko a kyautar da ko ɗaya a lokacin. Mushen a binne shi da zurfi ko a ƙone, kuma a wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa, musamman yara, saboda 'yan tsaki na iya ɗaukar Salmonella, ƙwayar cutar da ke kama mutane, ko da ana ganinsu garau.