Ɗabi'un tsaron intanet na ma'aikata

Ɗabi'un tsaron intanet na ma'aikata su ne ƙananan ayyukan yau da kullum da ake son ma'aikaci ya saba da su domin kare kwamfutoci, asusu da bayanan wurin aikinsa daga masu kutse. Sun haɗa da kula da kalmar sirri, bin diddigin saƙo kafin a buɗe shi, sabunta manhaja, kulle kwamfuta idan za a tashi, da kai rahoto da wuri. Ana ba su muhimmanci ne saboda sau da yawa yaudarar mutum ta fi fasa na'ura sauƙi. Kusan kowace daga cikinsu ta samo asali daga wata ɓarna da ta riga ta auku.

Tarihi

Ana danganta fara amfani da kalmar sirri a kwamfuta da tsarin CTSS na jami'ar MIT a Amurka, wanda Fernando Corbató ya jagoranta a wajen shekarar 1961. Mutane da yawa ne ke amfani da na'ura guda, sai aka ware wa kowa mabuɗinsa. Ba a daɗe ba, wataƙila a 1962, wani ɗalibi mai suna Allan Scherr ya sa na'urar ta buga masa fayil ɗin da ke ɗauke da kalmomin sirrin kowa, don ya samu ƙarin lokacin aiki a kanta.

A watan Nuwamban 1988 wata manhaja mai yaɗa kanta, wadda Robert Tappan Morris, ɗalibi a jami'ar Cornell, ya rubuta, ta durƙusar da dubban kwamfutoci. Ɗaya daga cikin dabarunta ita ce gwada kalmomin sirri masu sauƙin zato. Abin da ya biyo baya shi ne kafa cibiyar CERT, mai kai ɗauki idan an samu kutse a kwamfutoci, a jami'ar Carnegie Mellon. A tsakiyar shekarun 1990 saƙonnin yaudara suka yaɗu tsakanin masu amfani da AOL, kamfanin samar da intanet a Amurka, inda 'yan damfara ke shigar burtu a matsayin ma'aikatan kamfanin suna neman kalmar sirri. Sai kuma a watan Mayun 2000 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna ILOVEYOU ta fito daga Filifin a cikin fayil ɗin da aka liƙa wa imel, ta bazu a ofisoshin duniya cikin 'yan kwanaki. Tun daga nan gargaɗin kada a buɗe abin da ba a san tushensa ba ya zama darasin farko a horon ma'aikata.

Kalmar sirri

An shafe shekaru ana tilasta wa ma'aikata gauraya manyan baƙaƙe da lambobi da alamomi, su kuma riƙa sauya kalmar sirri duk bayan wata uku. Wannan ya samo tushe daga wata shawara da cibiyar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta fitar a farkon shekarun 2000. Sakamakon bai yi daɗi ba. Mutane suka koma ƙara lamba ɗaya a ƙarshen tsohuwar kalma, wasu kuma suna rubuta ta a takarda su manna jikin allon kwamfuta. A 2017 cibiyar ta sauya matsayi: tsawo ya fi gauraye amfani, kuma ba a sauya kalma sai in akwai alamar ta fita. Shawarar da ta fi ƙarfi yanzu ita ce kowane asusu ya samu kalmarsa daban, a adana su a manhajar ajiyar kalmomin sirri.

Kalmar sirri ita kaɗai ba ta wadatarwa, shi ya sa ake ƙara mataki na biyu, kamar lambar da ke zuwa a waya ko ɗan mabuɗin da ake sokawa a kwamfuta. A 2021 masu kutse suka shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline da ke Amurka ta wani tsohon asusu marar wannan mataki, kamfanin ya dakatar da aiki, ya kuma biya fansar kimanin dala miliyan 4.4. Shi ma matakin na biyu yana da rauninsa: a 2022 an shiga tsarin Uber bayan an yi ta aika wa wani ɗan kwangila buƙatar amincewa da shiga asusunsa har ya danna.

Saƙonnin yaudara

Alamominsu sanannu ne: gaggawa, barazana, adireshin da ya ɗan bambanta da na gaskiya, da neman a ɓoye maganar. Kuskuren rubutu, wanda a da ake dogara da shi, ya rage amfani tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka yawaita. A 2011 fayil ɗin Excel da aka aika wa wasu ma'aikatan RSA, kamfanin da sana'arsa ma tsaro ce, ya buɗe hanyar kutse. A watan Yulin 2020 ta waya aka yaudari ma'aikatan Twitter, aka ƙwace asusun fitattun mutane, har da na Barack Obama. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da fuskoki da muryoyin shugabanninsa na bogi. Maganin da aka fi yarda da shi mai sauƙi ne: duk buƙatar kuɗi ko sauya lambar asusun banki, a tabbatar da ita ta wata hanya daban, da lambar wayar da aka sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba.

Sabunta manhaja da kula da na'ura

WannaCry, manhajar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, ta ɓulla a watan Mayun 2017, ta kama kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Birtaniya, alhali Microsoft ya fitar da gyaran raunin da ta bi ta shiga tun watan Maris. Ɗage sabuntawa zuwa gobe shi ne abin da ake hana ma'aikaci.

Ba a soka filashin da aka tsinta a kwamfutar ofis. Ana kulle allo kafin a tashi, ba a kuma zuba bayanan aiki a imel na ƙashin kai.

Kai rahoto

Wanda ya danna abin da bai dace ba, ana son ya sanar da sashen kula da kwamfuta nan take, domin mintunan farko ne ke ba da damar rufe asusu ko tsayar da kuɗi. Ma'aikatun da ke hukunta mai kuskure sukan koya wa mutanensu yin shiru. A Tarayyar Turai, dokar kare bayanai da ta fara aiki a 2018 ta ba ma'aikatu sa'o'i 72 su sanar da hukuma bayan sun gano kutsen da ya shafi bayanan mutane.

Saɓani

Masana sun rabu a kan aika wa ma'aikata saƙonnin yaudara na gwaji. Wasu na ganin yana wayar da kai, wasu na cewa tasirinsa kaɗan ne kuma yana zubar da yarda tsakanin ma'aikaci da ma'aikata. Akwai kuma masu cewa ana ɗora wa ma'aikaci nauyin da ya kamata tsarin na'urorin ya ɗauka.