Yadda Ƙwayoyin Ƙarin Ƙwaƙwalwa Ke Kutsawa Cikin Lafiyayyen Nama

Giliyoma ƙari ne da ke tasowa daga ƙwayoyin halittar da ke tallafa wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma mafi muninsa shi ne giliyobilastoma, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye a mataki na 4, wato matakin ƙarshe a tsarinta. Da wuya wannan ciwon daji ya bi jini ya tsallaka huhu ko hanta. A cikin ƙwaƙwalwar yake barbazuwa, ƙwayoyinsa na ɓallewa ɗaiɗai daga curin ƙarin, suna nutsawa cikin lafiyayyen nama har inda hoton MRI ba ya iya kama su.

Tun a 1938 masanin cututtuka ɗan Jamus, Hans Joachim Scherer, ya lura cewa ƙwayoyin ba sa tafiya barkatai, hanyoyin da suka tarar a shimfiɗe suke bi. Wasu na manne wa bayan jijiyoyin jini ba tare da sun shiga cikinsu ba, wasu na taruwa ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa ko kewaye da ƙwayoyin jijiya, wasu kuma na bin dogayen zaruruwan farin nama, wato zaruruwan da ke kai saƙo tsakanin sassan ƙwaƙwalwa. Idan suka hau gadar da ta haɗa ɓangaren dama da na hagu, ƙarin kan bayyana a hoto da fukafukai biyu, shi ya sa likitoci ke kiransa giliyoma mai siffar malam-buɗe-littafi.

Tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa babu fili, matsatsi ne ƙwarai, don haka tafiyar ba ta yiwuwa sai da dabara. Ƙwayar kan miƙa siririn hannu gaba, ta kama abin da ta samu da sunadaran da ke fatarta, irin su intagirin da CD44, sannan ta saki sinadaran MMP-2 da MMP-9 su narkar da abin da ya tare mata hanya, ta janyo sauran jikinta. Abin mamaki shi ne yadda take rage girmanta: takan fitar da sinadaran kilorayid da fotasiyam, ruwan cikinta ya bi su waje, ta motse har ta wuce ta kafar da a da ba za ta shige ta ba. Haka kuma tana zubar da sinadarin gulutamet mai yawa, wanda ke kashe jijiyoyin da ke kusa, ya buɗe mata wuri. Wannan na cikin dalilan da suka sa farfaɗiya kan zama alamar farko ga masu ciwon da dama.

Ƙarancin oksijin a tsakiyar ƙarin na tunzura ƙwayoyin su yi ƙaura, kuma ƙwayoyin garkuwar jiki da suka zo yaƙi sau da yawa sukan ɓige da taimaka musu. A 2015 masu bincike a birnin Heidelberg na Jamus sun nuna cewa ƙwayoyin na haɗa kansu da dogayen bututu, su zama raga guda mai jure magani, sannan a 2019 aka tabbatar cewa lafiyayyun jijiyoyi na ƙulla mahaɗa da su, saƙon lantarkin da ke ratsa mahaɗar yana ƙara musu saurin yaɗuwa.

Nan ne tiyata ke gamuwa da iyakarta. A 1928 Walter Dandy na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya ba da rahoton cire rabin ƙwaƙwalwa ɗungurungum, amma ko hakan bai hana ciwon dawowa ba. A yau ana ba majiyyaci sinadarin 5-ALA kafin aiki, wanda ke sa naman ƙarin ya yi jaja-jaja ƙarƙashin shuɗin haske, duk da haka ciwon galibi kan sake tsirowa cikin santimita 2 daga bakin inda aka yanke. Gwajin da aka wallafa a 2005 ya nuna cewa haɗa radiyeshan, wato gashin ƙari da haske mai ƙarfi, da maganin temozolomide ya ɗaga matsakaicin tsawon rayuwar masu giliyobilastoma daga wata 12.1 zuwa 14.6.