Salon Maganar Turanci Masu Kalmar "Jump"

A harshen Turanci akwai tarin maganganu da aka gina kan kalmar "jump", wato tsalle, waɗanda ma'anarsu ta yi nisa da ɗaga ƙafa daga ƙasa. Mai koyo zai iya sanin kowace kalma da ke cikin "jump the gun" amma ya kasa gane abin da ake nufi, domin babu wata bindiga da aka tsallake. Irin waɗannan a dunƙule ake haddace su. Sai dai yawancinsu tushensu ɗaya ne: garaje, ko ƙetare matakin da ya kamata a bi. Wanda ya riƙe wannan ya rage wa kansa rabin aiki.

Ita kalmar "jump" a ƙarni na 16 ta bayyana a rubutu. 'Yar'uwarta "leap" ta girme ta sosai, tun zamanin tsohon Turanci ake amfani da ita.

Daga filin tsere

"Jump the gun" ta fi sauran yawo a bakin mutane. Asalinta wasan tsere ne, inda ake harba ƙaramar bindiga don 'yan gudu su tashi. Wanda ya zabura kafin ƙarar ya karya doka. Daga nan aka ɗauko ta ana faɗa wa duk wanda ya yi abu kafin lokacinsa, kamar ɗan jaridar da ya sanar da sakamakon zaɓe ana tsakar ƙidaya. Bahaushe zai ce ya riga malam masallaci.

A filin wasa laifin ba ƙarami ba ne. Tun shekarar 2010 dokar tseren duniya ta ce zabura ɗaya ta isa a fitar da ɗan wasa, kuma na'ura na ɗaukar duk motsin da ya zo cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa bayan harbi a matsayin riga-harbi. Haka aka fitar da Usain Bolt daga tseren ƙarshe na mita 100 a gasar duniya ta Daegu, Koriya ta Kudu, a 2011. Ɗan ƙasarsa Jamaika, Yohan Blake, shi ya lashe tseren.

Kusa da ita akwai "jump to conclusions", yanke hukunci kafin a ji ta bakin kowa. A kula, a nan "to" ake sawa, ba "into" ba. Kuskure ne da masu koyo ke yawan yi.

Daga wasan nishaɗi da siyasa

A Amurka ta ƙarni na 19, ayarin masu wasan nishaɗi kan shiga gari da wani ƙawataccen keken doki ɗauke da makaɗa, ana kiransa "bandwagon". 'Yan siyasa suka ari dabarar don yaƙin neman zaɓe, kuma idan aka ga ɗan takara ya kama hanyar nasara sai kowa ya nemi wuri a kekensa. Shi ya sa "jump on the bandwagon" ke nufin shiga abu don an ga ya karɓu, ba don an yarda da shi ba. Ta yi daidai da 'yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa, kuma akwai ɗan zargi a cikinta. Ba a yaba wa mutum da ita.

"Jump through hoops" ma daga fagen wasan nishaɗi ta fito, inda ake horar da dabbobi su riƙa kutsawa ta cikin zobba. Ana faɗinta ga wanda aka sa shi zirga-zirga da cike-ciken takardu kafin ya sami abin da yake nema, kamar mai neman biza.

Akwai kuma "jump the shark", wadda aka san ainihin tushenta. A 1977, cikin shirin talabijin na Amurka mai suna Happy Days, an nuna jarumi Fonzie yana tsallake kifin shak a kan ruwa. Daga baya aka riƙa kallon wannan a matsayin alamar cewa dabara ta ƙare wa marubutan, duk da cewa shirin ya ci gaba har 1984. Yanzu "jump the shark" na nufin abu ya wuce ganiyarsa ya koma neman jan hankali ta kowace hanya. Amurkawa sun fi amfani da ita.

Gudu da ƙetare doka

"Jump ship" maganar matuƙa ce: ma'aikacin jirgin ruwa ya sulale a tasha kafin wa'adin aikinsa ya cika. A yau ana faɗinta ga wanda ya bar kamfani ko jam'iyya, musamman idan ya hango abin zai nutse. A siyasa sauya sheƙa ke nan. "Jump bail" kuwa ta kotu ce, mutum ya tsere bayan an ba da belinsa. Wanda ya shiga gaban mutane a layi, a Birtaniya sai a ce "jump the queue", a Amurka kuma "cut in line".

Halin zuciya

Ba duka ne na zargi ba. "Jump for joy" tsallen murna ne, wannan kam a fili take. "Jump at the chance" ita ce cafke dama ba tare da jinkiri ba. Wanda ya razana ƙwarai zai ce "I nearly jumped out of my skin", kamar yadda ake cewa hantata ta kaɗa. Idan kuma aka hau mutum da faɗa tun bai rufe baki ba, "jump down someone's throat" ake cewa. Ƙaramar kalmar da ke bin "jump" ita ke juya ma'anar: "at" na nuna ɗoki, "on" na nuna bin ayari ko far wa mutum, "out of" na nuna firgita.

Masu kalmar "leap"

Wasu maganganun ba sa karɓar "jump" sam. Ana cewa "look before you leap", a duba kafin a dira, kuma ana danganta darasinta da tatsuniyar Aesop, mai tatsuniyoyi na tsohuwar Girka, ta dila da bunsurun da ya faɗa rijiya. "By leaps and bounds" ci gaba ne cikin sauri. "Leap of faith" ita ce ɗaukar mataki bisa yarda, ba tare da hujja a hannu ba. Shekara mai kwana 366 "leap year" ce. Da Neil Armstrong ya taka duniyar wata a 1969, "giant leap", wato wagegen tsalle, ya ce, domin "leap" ta fi nauyi da girma a kunne, "jump" kuwa ta hira ce ta yau da kullum.

Wajen nahawu, "jump" ba ta da rikici: aikin da ya wuce "jumped" ne. Ita kuwa "leap" sura biyu gare ta, "leapt" da Birtaniya ta fi so, da "leaped" da aka fi ji a Amurka.